2027: Tinubu zai koma? In ya koma ko bai koma ba, me zai bari?

Malam Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Kullum a nan sai dai a ce "ya faɗi ya gama" ko a ce "babu mai kayar da shi", kowa da abin da ransa ke so. Ina so mu ajiye son rai mu ɗauki alƙaluma. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Wato mutumin ya hau kujera da kashi 36.6 cikin ɗari, alhali ukun da ke bayansa sun tara 14,582,740 a tsakaninsu. Masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, kusan kashi 27 ke nan, mafi ƙaranci tun 1999. In ka raba ƙuri'ar Tinubu da yawan masu rajista, ko mutum ɗaya cikin goma bai cika ba. A ganina abu biyu suka ba shi nasara, rabuwar 'yan adawa gida uku da zaman mutane a gida. Tambayata: cikin biyun nan wanne ya canza?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam Malam. Lissafinka daidai ne amma akwai tarko a ciki. Ƙuri'a ba buhun masara ba ce da za ka ɗora wannan kan wancan ka ce ga jimla. A 2019 ai Atiku da Obi tikiti ɗaya suka tsaya, suka samu 11,262,978, Buhari ya ba su ratar kusan miliyan huɗu. Matashin Legas ko Enugu da ya bi layi don Obi a 2023 ba lallai ya fito don Obi mataimaki ba. Haka dattijon Sakkwato ko Yobe da ya zaɓi Atiku, in ka sa Obi a sama, wani zai zauna a gida, wani ma ya koma wa APC. Duk haɗakar da za a yi sai ta yi yoyo. Abin lissafawa shi ne girman yoyon. Tazarar da ke tsakanin Tinubu da Atiku 1,810,206 ce. Ko da kashi ɗaya cikin uku na mutanen Obi kaɗai suka bi tikitin haɗin gwiwa, an cike wannan ratar, da sharaɗin Tinubu bai ƙaru ba. To nan ne gizo ke saƙar, domin a Kudu zai ƙaru.

Barista Hadiza:
Kafin ku yi nisa bari in tuna muku sashe na 134 na tsarin mulki, saboda rinjaye kaɗai ba ya isa. Wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jiha 24. Batun ko dole ne sai an samu kashi 25 a Abuja ya mutu tun 26 ga Oktoba 2023, lokacin da kotun ƙoli ta ce Abuja kamar jiha ta 37 take, ba ta da wani fifiko. Tinubu kusan kashi 19 ya samu a can kuma bai hana shi komai ba.

In babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu sai a je zagaye na biyu cikin kwana 21. Mutane da yawa suna zaton na ɗaya da na biyu ne za su kara. Dokar ta ce wanda ya fi yawan ƙuri'a zai kara da wanda, cikin sauran, ya ci jihohi mafi yawa. Yana yiwuwa wanda ya zo na uku a jimla ya shiga, na biyu ya zauna. Ba a taɓa zuwa zagaye na biyu a Najeriya ba. Inda aka kusa shi ne 1979, lokacin jihohi 19 ne, Shagari ya cika sharaɗi a 12, a Kano ya tsaya a kashi 19 da ɗoriya, sai kotu ta karɓi lissafin "sha biyu da biyu bisa uku".

Wannan sharaɗin bazuwa shi ne ƙarfin jam'iyya mai mulki. Kwankwaso ya samu 997,279 a Kano amma bayan nan babu wata jihar da ya ci. Obi ya yi rawar gani, amma a Arewa maso Yamma in ka cire Kaduna bai kusanci kashi 25 ba.

Yaya Ladi:
Ni fa wannan maganar ta cewa gwamnoni sun gama masa aiki ita ce ban yarda da ita ba. Eh, Oborevwori na Delta ya koma APC a Afrilun 2025 tare da Okowa, wanda shi ne mataimakin Atiku a takarar da ta wuce. Umo Eno na Akwa Ibom ya bi a watan Yuni, Mbah na Enugu da Diri na Bayelsa suka biyo baya. To amma ku duba 2023. Jihohi nawa masu gwamnan APC Tinubu ya faɗi? Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi, Yobe, Gombe, Nasarawa, Filato, Imo, Ebonyi, Kuros Riba, har Legas ɗinsa, inda Obi ya samu 582,454 shi kuma 572,606. Lalong ne darakta janar na yaƙin neman zaɓensa, Filato ta kuɓuce. Okowa yana gwamna kuma yana kan tikiti, Obi ya cinye Delta. Tunda aka kawo BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, gwamna ba ya iya zama a gidan gwamnati ya rubuta miliyan ɗaya kamar yadda ake yi a 2003 da 2007.

Alhaji Garba:
Yaya Ladi, ba a neman gwamna ya ciyo jiha. Kashi 25 ake nema a wajensa, da kuma rage ratar faɗuwa. Katsina misali: Atiku 489,045, Tinubu 482,283. A takarda ya faɗi, a jimla ƙuri'a ƙasa da dubu bakwai ya rasa. Kano ya faɗi amma ya kwashi 517,341. Irin wannan faɗuwar ita ta ba shi mulki. A Kudu maso Gabas gaba ɗaya, jiha biyar, bai kai 130,000 ba. In gwamnonin can suka ɗaga shi zuwa ko da kashi 20 zuwa 25 a kowace jiha, ya samu dubban ɗaruruwan da babu su a da. Kuma gwamna shi ke da shugabannin ƙananan hukumomi, da kansiloli, da motocin kai mutane rumfa, da kuɗin ejan. Tun da aka cire tallafin mai kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya yi tashin gwauron zabi a naira. Talaka ya sha wuya, gwamna ya samu sarari. Ba banza suke rububin shiga ba.

Malam Sani:
To a nan nake so mu tsaya kaɗan, domin Arewa ce ta ba shi kusan miliyan 5.6 cikin miliyan 8.8 ɗin nan. Arewa maso Yamma kaɗai ta fi Kudu maso Yamma ba shi ƙuri'a. Me wannan mai zaɓen ya gani tun daga lokacin? Litar mai daga ƙasa da ₦200 ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024. Dala daga wajen ₦460 a farashin gwamnati ta wuce ₦1,500 cikin watanni. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kafin hukumar ƙididdiga ta sauya ma'auni a Janairun 2025 adadin ya sauko zuwa 24 da ɗoriya. Mafi ƙarancin albashi ya koma ₦70,000, amma mutum nawa ne ke cin albashin gwamnati a Funtuwa ko Gumel? Sai rufe iyakar Nijar da yanke mata wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin yana shugaban ECOWAS. Kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari sun ji a jikinsu, kuma maganar tura soja ta ɓata wa mutane rai ƙwarai, har sanatocin Arewa suka fito suka ƙi. Sai yaran da aka kama a zanga-zangar Agustan 2024, aka kai su kotu a Abuja a watan Nuwamba wasu suna faɗuwa don yunwa. An sake su daga baya bisa umarninsa, amma hoton ya riga ya zauna a idon mutane.

Sannan Buhari ya rasu ran 13 ga Yulin 2025. Babu sauran mai ɗaga hannu ya ce "sak".

Baban Amira:
Malam ka kawo gefe ɗaya. Abinci ya sauko a 2025 in aka kwatanta da 2024, naira ta ɗan tsaya wuri guda, layin mai ya ɓace, akwai bashin karatu na ɗalibai, an kafa ma'aikatar kiwo da hukumar raya Arewa maso Yamma. Mai zaɓe yakan auna watanni shidan ƙarshe fiye da shekara uku da suka wuce. Abin da zai fi cizonsa a ƙauye wani abu ne daban: saukar farashin hatsi daɗi ne ga ɗan birni, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha ya yi asara, kuma manoma ne suka fi fitowa zaɓe. Game da Buhari kuwa, ko yana raye ai masu zaɓensa miliyan 12 ba su bi Tinubu duka ba. Jiharsa ma Atiku ne ya ci.

Yaya Ladi:
Ga matsalar tsaro kuma. Inda mutane suka bar garuruwansu a Zamfara da gabashin Sakkwato da kudancin Katsina, ko sun so hukunta gwamnati da ƙuri'a, a ina za su jefa? Katinsu na rumfar ƙauyen da suka gudo ne. Fushi ba ya zama ƙuri'a sai mai fushin ya isa akwati. Mafi yawan lokuta ma fushin talaka zaman gida yake haifarwa, shi kuwa zaman gida riba ce ga mai tsari da kuɗi. In mutum 150 kaɗai suka fito a rumfa mai rajista 700, wanda ya iya kawo mutum 80 da taliya da ɗan abin cefane ya gama.

Injiniya Bashir:
Bari in shigo ta ɓangaren ranar zaɓe, don nan ne 'yan adawa ke yin sakaci su dawo suna ihu bayan hari. Rumfunan zaɓe 176,846 ne, mazaɓu 8,809, ƙananan hukumomi 774. Matakan su ne: a tantance mutum da BVAS ta yatsa ko fuska, ya jefa ƙuri'a, a ƙirga a bainar jama'a, a cike fom ɗin sakamako EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu a ba kowa kwafinsa, a liƙa sakamakon a bango, a ɗauki hoton fom ɗin da na'urar a tura IReV, shafin INEC na duba sakamako a intanet. Daga nan takarda ta tafi mazaɓa a haɗa a EC8B, ƙaramar hukuma EC8C, jiha EC8D, sai Abuja.

Abin da ke lalacewa yawanci ba a rumfa yake ba. Tsakanin EC8A da EC8C ne, da daddare, a wata firamare ko sakatariya da babu wuta, mutane sun gaji sun watse. A nan 17 ke komawa 170, ko a musanya layin jam'iyya biyu. Dokar zaɓe ta 2022 ta ɗora wa jami'in tattara sakamako ya gwada adadin da ke takarda da abin da BVAS ta tantance kafin ya amince. In babu wakilin adawa riƙe da kwafinsa yana cewa "ba haka aka ƙirga ba", wa zai tilasta shi? BVAS tana hana aringizon da ya wuce adadin waɗanda aka tantance, amma ba ta san wa suka zaɓa ba. In mutum 300 aka tantance, za a iya juya rabon 300 ɗin nan ba tare da na'urar ta nuna komai ba. IReV ne ya kamata ya toshe wannan ƙofar, kuma a 2023 sakamakon 'yan majalisa ya hau, na shugaban ƙasa ya maƙale ranar zaɓen, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Daga baya 'yan jarida suka bi takardun da aka ɗora na wasu ƙananan hukumomin Ribas suka ga sun saɓa da abin da aka bayyana.

Yanzu ku yi kuɗin. A ce ejan ɗaya a kowace rumfa, a ba shi ₦10,000 kacal, kusan naira biliyan 1.8 ke nan, ba a sa na mazaɓa da na ƙaramar hukuma da abinci da mota da katin waya ba. Kuma ejan da aka ba ₦10,000 yana tsaye kusa da wanda zai iya miƙa masa ₦50,000 ya tafi sallah ya daɗe. Iyakar kashe kuɗi da dokar 2022 ta sa wa ɗan takarar shugaban ƙasa biliyan biyar ce, abin dariya, tunda fom ɗin APC kaɗai miliyan 100 aka sayar da shi. Jam'iyyar da ba ta da mutum amintacce ɗan unguwa a kowace rumfa tun wata shida kafin zaɓe, to ta sani ba a fafe gora ranar tafiya. "A kasa, a tsare, a raka" da aka yi a 2015 aiki ne na mutane da aka tsara, kowa ya san rumfarsa.

Barista Hadiza:
Injiniya ya taɓo inda nake so. Wanda INEC ta bayyana, da wuya kotu ta sauke shi a matakin shugaban ƙasa. Ba a taɓa yi ba. Dalilin a tsarin yake. Kwana 21 gare ka daga ranar sanarwa ka shigar da ƙara tare da rubutacciyar shaidar duk wanda za ka kira. Kotun farko tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara 60. Nauyin hujja a kanka yake, kuma kotuna sun saba cewa sai ka tabbatar rumfa bayan rumfa, da bakin wanda ya gani da idonsa. Atiku ya kira shaidu 27, Obi 13, a ƙasa mai rumfa 176,846. Cikin na Obi ma an yi watsi da shaidar goma saboda ba a haɗa bayanansu da ƙarar cikin kwana 21 ba. A shari'ar Osun ta Oyetola da Adeleke kotun ƙoli ta nuna cewa in kana zargin aringizo sai ka kawo rajistar masu zaɓe da na'urar BVAS ko bayanan da aka ciro daga cikinta da EC8A, rahoton rumbun INEC bai wadatar ba. Su wa ke riƙe da waɗannan kayan? Wanda kake ƙara.

A kan IReV kuwa hukuncin 2023 ya ce shafin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba, rashin ɗorawa ba ya soke zaɓe. Kwamitin Mai shari'a Uwais da 'Yar'aduwa ya kafa ya ba da shawara tun 2008 cewa nauyin hujja ya koma kan INEC, a kammala shari'a kafin rantsuwa, a kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe, a kuma cire wa shugaban ƙasa ikon zaɓo shugaban INEC shi kaɗai. Gwamnatoci nawa aka yi tun lokacin, na PDP da na APC, babu wadda ta so. Farfesa Amupitan da ya gaji Mahmood Yakubu a Oktoban 2025, ta tsohuwar hanya ya zo: shugaban ƙasa ya zaɓa, majalisar magabata ta ji, majalisar dattawa ta tabbatar. Ban ce komai a kan mutumin ba. Tsarin nake magana, ɗan wasa ne ke naɗa alƙalin wasa.

Malam Sani:
Barista, mu koma rabi na biyu na tambayar. A ce ma ya faɗi. Me ya riga ya canza wanda ba zai gyaru da sauƙi ba?

Barista Hadiza:
Ribas. Ni a wajena ita ce babba, ta fi batun sauya sheƙa nesa ba kusa ba. Ran 18 ga Maris 2025 Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jihar baki ɗaya na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibas kantoma. Sashe na 305 ya ba shi ikon ayyana ta-ɓaci, amma babu inda ya ambaci dakatar da zaɓaɓɓen gwamna. Hanyoyin raba gwamna da kujerarsa a rubuce suke, tsigewa a sashe na 188, rashin lafiya a 189, murabus ko mutuwa. Sashe na 11 ma da ya ba majalisar tarayya damar karɓar aikin majalisar jiha in ta kasa zama, ya faɗa ƙarara cewa wannan bai haɗa da cire gwamna ba.

Masu kare shi za su ce Obasanjo ya yi a Filato a 2004 da Ekiti a 2006. Gaskiya ne. Amma Jonathan a Mayun 2013 ya sa ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, ana tsakiyar yaƙi, bai taɓa gwamna ko ɗaya ba, cikinsu har da Kashim Shettima. Mutane sun ɗauka an rufe wancan babin. Yanzu an sake buɗe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda majalisa ta amince. Tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanata 73 cikin 109, wakilai 240 cikin 360. Aka yi da murya, masu so su ce eh, aka buga guduma. Ta yaya kunne zai ƙirga 240? Ba mu da jerin sunayen wanda ya yarda da wanda ya ƙi. Duk shugaban da zai zo, na kowace jam'iyya, ya ga cewa ana iya ajiye gwamna wata shida ba tare da an ƙirga hannu ba. Kuma kowane gwamnan adawa ya gani. Ku duba watannin da sauya sheƙar ta fara zuba, daga Afrilu ne.

Baban Amira:
Barista da girmamawa, kin tsallake abin da ya kai ga haka. An rushe ginin majalisar jihar, gwamna yana gabatar da kasafi ga 'yan majalisa huɗu, kotun ƙoli a Fabrairun 2025 ta ce a dakatar da kuɗin jihar har sai an koma kan doka, ana shirin tsige shi, an fasa bututun mai. Kuma wata shida na cika a Satumba aka mayar da shi. Wani zai ce ta-ɓacin ce ma ta cece shi daga tsigewa. Sannan in ana lissafin abin da zai bari, a sa hukuncin 11 ga Yulin 2024 a ciki. Gwamnatinsa ce ta kai gwamnoni 36 kotu a kan kuɗin ƙananan hukumomi, kotu ta ce a biya su kai tsaye, ta haramta kantomomin riƙo.

Barista Hadiza:
Ban tsallake ba Baban Amira. Ɓangare ɗaya na rikicin ministan Tinubu ne mai ci, shi ba a dakatar da shi ba. Mai raba faɗa ba ya riƙe hannun mutum ɗaya. Hukuncin ƙananan hukumomi kuwa na yaba, sai dai aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, kuma muddin hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓensu, jam'iyyar gwamna za ta ci gaba da lashe kujeru duka. Kuɗin ya je kai tsaye wajen yaron gwamna, me ya canza?

Alhaji Garba:
Ni a batun cewa ana mai da ƙasar mai "jam'iyya ɗaya" ba na ɗora masa laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. PDP ta taɓa riƙe jihohi kusan 28, har shugabanta na lokacin yana cika bakin za su yi shekara 60, ga inda take yau. Rikicinta daga zaɓen fidda gwani na 2022 ya samo asali, da gwamnoni biyar ɗin da suka yi mata zagon ƙasa. LP ta rabu gida biyu, NNPP ma haka. Giɓin doka kuma tsoho ne. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujera sai in jam'iyyar ta dare, amma shugaban majalisa ne zai ayyana, shi kuwa yawanci jam'iyyarsa ake shigowa. Gwamna babu ma irin wannan sharaɗin a kansa. Shari'ar Atiku ta 2007, lokacin da Obasanjo ya so raba shi da kujerar mataimaki don ya koma AC, ita ta kafa tushen, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta bi wannan layin a kan Gwamna Umahi na Ebonyi a 2022. 'Yan adawar yau da kansu suka ci moriyar wannan a Nuwamban 2013, lokacin da Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Amaechi da Abdulfatah Ahmed suka bar PDP.

Injiniya Bashir:
Tunda Alhaji ya kawo 2013, a gwada jadawalin. An sanar da APC a Fabrairun 2013, INEC ta yi mata rajista ran 31 ga Yuli, gwamnoni biyar suka shigo a Nuwamba, aka yi fidda gwani a Legas a Disambar 2014, Buhari ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, kuma babu wanda ya fice. Wannan na ƙarshen shi ne sirrin. A 2011 maganar haɗakar jam'iyyun adawa CPC da ACN ta watse ana saura kwanaki, Jonathan ya wuce da miliyan 22. Haɗakar 'yan adawa ta ADC da aka ƙaddamar ran 2 ga Yulin 2025, David Mark shugaba, Aregbesola sakatare, tana da manyan sunaye, amma APC ta 2013 da gwamnoninta ta fara, goma sha ɗaya tun kafin biyar ɗin su zo. Ranar da za a san gaskiyar ADC ita ce washegarin fidda gwani. In wanda ya faɗi ya ɗauki jakarsa ya nemi wata jam'iyya, an koma lissafin Malam Sani na farko, gida uku, kuma kashi 36 zuwa 40 ya isa.

Akwai kuma batun karɓa-karɓa. Ɗan takarar Arewa zai sha suka a Kudu cewa ba a bari sun cika takwas ba. Ɗan Kudu sabo kuwa, ɗan siyasar Arewa mai hangen 2031 zai yi lissafi: Tinubu huɗu suka rage masa, sabon zai nemi takwas, alƙawarin zango ɗaya kuma ba a rubuce yake a tsarin mulki ba. Wannan lissafin kaɗai yana riƙe manya da yawa a APC ko da mutanensu na ƙorafi.

Yaya Ladi:
Wato dai ku duka kun karkata ga cewa yana gaba.

Malam Sani:
Yana gaba, amma da sauran rina a kaba. In an tafi gida uku ban ga yadda zai faɗi ba. In mutum biyu ne kuma fitowar jama'a ta koma irin ta 2015, wajen kashi 44, zai sha wuya sosai, don ƙarin da zai samu a Kudu maso Kudu da Kudu maso Gabas sai ya cike abin da zai zube a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, jihohin da ko da ya faɗi a wasunsu dubban ɗaruruwa suka ba shi. A Ghana jam'iyya mai mulki ta sha kaye a Disambar 2024 kan tsadar rayuwa, amma can jam'iyyu biyu ne tsayayyu masu wakili a kowane akwati, har Bawumia ya amsa faɗuwa kafin hukumar zaɓe ta sanar.

Barista Hadiza:
Ƙarin abu ɗaya ga masu bibiya. A sa ido kan kalmomin duk gyaran da aka yi wa dokar zaɓe, musamman sashen tura sakamako. In an rubuta cewa dole ne a ɗora EC8A daga rumfa, a duba ko an faɗi abin da zai biyo baya in ba a ɗora ba, da kuma wanne ke rinjaye in takarda ta saɓa da hoton da ke shafin. In aka bar jimlar "yadda hukumar ta tsara" kamar a dokar 2022, ko aka buɗe ƙofar "in babu sabis a koma takarda" ba tare da an ce wa zai tabbatar da rashin sabis ɗin ba, hukuncin 2023 zai sake maimaita kansa. Sai kuma sunayen kwamishinonin zaɓe na jihohi da ake kai wa majalisar dattawa. Na Adamawa a Afrilun 2023 ya tashi ya bayyana wadda ta ci ana tsakiyar tattara sakamako, alhali ba aikinsa ba ne, sai da hedikwata ta soke.

Injiniya Bashir:
Haka ne. Kuma wanda ya canza gari ya nemi a mayar masa da rumfarsa tun rajista na buɗe, don da zarar an rufe babu sauran gyara. A dokar 2022 ana tsayar da rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, a aikace kuwa INEC ta rufe ta 2023 tun ƙarshen Yulin 2022, wata bakwai kafin ranar.